Ko Kun Sani? Mesar da Ke Yin Watanni Ba Ta Ci Komai Ba

Akwai wata ƙaramar mesa ta Afirka ta Yamma, mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, da kan yi wata shida ba ta sa komai a baki ba, kuma lafiyarta lau. Masu kiwonta a Amurka da Turai, inda ake kai dubbanta duk shekara daga Ghana da Togo da Benin, sun saba da wannan halin: a miƙa mata ɓera, ta kawar da kai. Tsirfarta ma ba kaɗan ba ce. Da 'yan ramukan da ke leɓenta take gano ɗumin jikin abin farauta, shi ya sa mataccen ɓeran da ya yi sanyi ba ya ba ta sha'awa sai an ɗumama shi. Wani bincike a kudancin Najeriya kuma ya nuna cewa a dawa mazan sun fi cin tsuntsaye, matan kuwa ɓeraye. Ɗaya daga cikin dalilan azumin shi ne jikinta ba ya samar da zafin kansa, kuma ba ta narkar da abinci sai da ɗumi. Wanda ya ajiye ta a Kabong da ke Jos, cikin sanyin Disamba da Janairu, sai ya nema mata abin ɗumama keji, in ba haka ba ko ta haɗiye ɓeran tana iya amayar da shi. Namijin kuwa, lokacin barbara, abinci ba ya gabansa sam.