Wa Ya Tare wa Kifin Binuwai Hanya?

A shekarar 1962 masana biyu, Stauch da Blanc, suka bayyana wa duniyar kimiyya wani kifi da aka kama a kogin Binuwai, har suka raɗa masa sunan garin Garwa. Masunta kuwa sun daɗe da saninsa: kunamar ruwa ce. Faffaɗa ce kamar faifai, faɗinta bai cika wuce santimita 40 ba, tana da siririyar wutsiya mai ƙari, tana lafewa cikin yashi tana cin tsutsotsin ƙwarin ruwa. Yawancin danginta a teku suke, ita kuwa ga ta fiye da kilomita 1,000 daga gaɓa. Ba ta zuwa teku ta dawo, amma zamanta a nan ya nuna yadda ruwan Garwa yake haɗe da teku, ta Yola, ta Lakwaja, ta Neja. Yau hukumar IUCN ta sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Ba ta zuba ƙwai, haihuwa take yi, 'ya'yan kuma ba yawa, don haka duk wadda taru ya kwaso da wuya a maye gurbinta.

Idan ana zancen kifi mai ƙaura, hankali ya fi tafiya ga salmon, wanda ke girma a teku ya hauro rafin da aka ƙyanƙyashe shi don ya hayayyafa. Wani rahoton duniya na 2024 ya ce irin waɗannan kifaye matafiya na koguna sun ragu da kashi 81 cikin ɗari tsakanin 1970 da 2020, kuma madatsun ruwa suna gaba cikin dalilai.

To, namu ma matafiya ne, sai dai fadama ce tekunsu. Da ruwan sama ya zauna a tsaunukan Adamawa, kogi ya yi ja ya fara tumbatsa, sai kawara da faliya da tarwaɗa su kama hanya. Wasu su yi sama, su shiga Mayo Kebbi da Faro, wasu su bi ruwa cikin ciyawar da ta nutse. A can ruwa ba zurfi, ga ɗumi, ga abinci, ga maɓoya daga tsage da giwan ruwa. Nan ake zuba ƙwai, nan ƙanana ke yin ƙwari. Ruwa na fara janyewa sai su komo uwar kogi. Shekarar da fadama ta sha ruwa sosai, masunci ya san zai ga alheri a koma da kalli. Wadda ba ta sha ba, sai haƙuri.

Madatsar Lagdo, wadda wani kamfanin ƙasar Sin ya gina daga 1977 zuwa 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa, ta canja wannan lissafi. Ba mai musun amfaninta: ta ba arewacin Kamaru lantarki, tafkinta mai faɗin murabba'in kilomita 586 ya tara masunta daga Najeriya da Chadi da Mali. Amma ta raba kogi biyu, ta kuma riƙe ambaliyar da kifi ke jira. Ko manoman masakwa da ke ƙasa da ita sun ji a jikinsu. Sai ga mu kuma da namu hannun: raga mai ƙananan ido, gidan sauro da aka mayar taru, da dumba da ake gittawa a bakin mashiga daidai lokacin da ƙanana ke fitowa.

Hukuma takan rufe kamun kifi a tafkin daga Yuli zuwa Satumba, kuma wannan daidai ne. A ganina dai bai isa ba, domin hutun tafki ba ya kai ruwa fadamar da ke ƙasa. Akwai misali a kusa. Bayan an gina madatsar Maga a 1979, wani babban ɓangare na filin ambaliyar kogin Logone ya bushe, kifi da makiyaya suka ragu. A 1994 aka buɗe wata mashiga da aka toshe, ruwa ya sake malala, kifi ya dawo, masunta suka biyo shi.

Duk lokacin da aka ambaci buɗe ƙofofin Lagdo, ambaliyar 2012 da ta 2022 ake tunawa, kuma dole a tuna, tunda an yi asarar rayuka da gonaki. Sakin ruwa kaɗan-kaɗan a farkon cikar kogi, da sanarwa tun da wuri ga Yola da Makurɗi, daban yake da sakin gaggawa bayan tafki ya cika. Masu tsara jadawalin nan su zauna da sarakunan ruwa, domin su ne suka san makon da kawara ke haurawa.