Ko Kun Sani? Kifin Salmon Baƙo Ne a Tafkin Mishigan

Kifin salmon da masunta ke gasar kamawa a Tafkin Mishigan na ƙasar Amurka asalinsa na tekun Pasifik ne, kuma sai a shekarar 1966 hukumar kula da kifi ta jihar Mishigan, ƙarƙashin Howard Tanner, ta saki nau'insa da ake kira koho a Kogin Platte, sannan nau'in shinuk, wanda ya fi girma, ya biyo baya a 1967. Dalili kuwa shi ne wani ƙaramin kifi mai suna alwaif, wanda ya kutso daga tekun Atilantika ya hayayyafa fiye da kima, har gawarwakinsa suka riƙa tulewa a gaɓar birnin Shikago. Aka kawo salmon domin ya cinye shi, dabarar da ta yi nasara har ta haifar da sana'ar yawon kamun kifi mai kawo kuɗi.

A watannin Maris da Afrilu, bayan ƙanƙara ta narke, kudancin tafkin ne ke fara ɗumi, saboda haka kifayen ke taruwa kusa da gaɓa, inda masunta ke yin fatsar ja, wato jan igiyoyi masu ƙugiya da ƙarfe mai ƙyalli a bayan kwale-kwale mai inji yana tafiya sannu-sannu. Idan ruwa ya ƙara zafi kifin kan nutsa ƙasa, sai a ɗaura wa igiyar curin dalma mai nauyi domin ta kai zurfin da yake. A yawancin gasa, nauyin kifin da aka auna a kan sikeli ne ke fitar da gwani.