Baba Ya Ga 5.0 Ya Yi Hamdala, Ashe Faɗuwa Ce

Ranar da Autarmu ta turo hoton sakamakon jarrabawarta ina aikin dare a ɗakin yara, ban samu sukunin duba waya ba sai wajen ƙarfe uku. Kafin nan Baba ya riga ya gani a zauren iyalinmu na WhatsApp, har ya yi saƙon murya yana sa mata albarka. Sauran darussan duk 1.75 ne, 2.0, 2.25, ya ce to a ƙara ƙoƙari. Amma akwai guda ɗaya da ta samu 5.0 cif, shi ne ya faranta masa rai. Ya ce ai dama ya san yarinyar nan akwai ƙwaƙwalwa.

Ana kiran assalatu sai ga kiranta. Su can rana ta kai tsaka, don ƙasar Filifin tana gabanmu da awa 7. Kuka take yi. "Yaya, don girman Allah ke za ki gaya wa Baba." Ashe a makarantarsu lissafin a juye yake. 1.0 shi ne ƙoli, 3.0 ka tsallake da kyar, 5.0 kuwa ka faɗi warwas. Duk abin da Baba ya raina shi ne na yabo, wanda ya yaba shi ne abin kuka.

Darasin da ya kayar da ita ba shi da alaƙa da allura ko awon jini. Darasi ne a kan rayuwa da rubuce-rubucen wani mutum mai suna Jose Rizal. Ita ta je koyon aikin jinya, ta ga ba ta da lokacin ɓatawa a kan tarihin wani da bai haɗa komai da ita ba, sai ta riƙa guje wa ajin tana zama a ɗaki tana haddar sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi. A ƙa'idar makarantar, wanda ya yi fashin fiye da kashi 20 cikin 100 na zaman aji ya faɗi, ko da kuwa zai iya amsa jarrabawa ido rufe. Ba ta san da haka ba, ko kuma ta sani ta ɗauka wasa ne.

Da na yi wa Baba bayani da safe, shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yanzu filin da na sayar, na sayar ne don a koya mata tarihin kakannin wasu?" Ban ga laifinsa ba. Ni ma da farko haka na ji. Kuma asarar ba ƙarama ba ce: sai da ta maimaita darasin a lokacin hutu, aka sake biyan kuɗi, aka ƙara na haya da na abinci, bikin yayanmu da aka sa rana saboda zuwanta aka yi shi ba ita.

Abin da ejan da ya nema mata makarantar bai taɓa ambata mana ba, mu ma ba mu tambaya ba, shi ne wannan darasin doka ce ta ƙasa. Tun 1956 majalisar Filifin ta wajabta koyar da rayuwar Rizal da littattafansa a makarantu da jami'o'i, na gwamnati da masu zaman kansu. An sha rigima kafin dokar ta wuce, domin shugabannin cocin Katolika sun yi adawa da ita, ganin yadda littattafan suka caccaki limaman zamanin mulkin Sifaniya. Bayan shi kuma akwai wasu darussa takwas na gama-gari da kowane ɗalibin digiri zai yi, ko likita zai zama ko injiniya. A ciki akwai nazarin tarihin Filifin, akwai na halin da duniya ke ciki a yau, akwai na ɗa'a, akwai na yadda kimiyya ke cuɗanya da al'umma.

Ba su kaɗai ke haka ba. A Turkiyya, inda yaranmu ke tururuwa yanzu, dokar ilimi mai zurfi ta 1981 ta wajabta darasin aƙidun Ataturk da tarihin juyin da ya kafa jamhuriyar, wasu jami'o'in ma sukan ware wa baƙi nasu ajin. A jihar Texas ta Amurka, jami'ar gwamnati ba ta ba da digirin farko sai ɗalibi ya yi darussan tarihin Amurka da na tsarin mulki. Mu ma nan gida muna da namu, wanda ya yi jami'a ya san darasin al'ummomin Najeriya da al'adunsu, wanda akasari ake shiga ɗaki ɗaya mutum ɗari-ɗari, a haddace takarda daren jarrabawa, a manta washegari. Ina jin da wannan tunanin Auta ta tafi. Ta ɗauka can ma haka ne.

Da za ta maimaita, na ce mata duk abin da aka koya musu ta riƙa ba ni labari, don in tabbatar tana shiga aji. Niyyata sa ido ne kawai. Sai ga shi ni ce nake ƙosawa ranar Lahadi ta zo.

Rizal dai likita ne. An haife shi a 1861, ya bar gida a 1882 ya tafi Madrid karatu, wato shi ma ɗalibi ne a ƙasar mutane kamar Autarmu. Ya zaɓi fannin ido ne saboda ganin mahaifiyarsa yana dusashewa, ya bi ƙwararru zuwa Faransa da Jamus ya koyi aikin, daga baya kuma ya yi mata aikin idon da hannunsa. Yana Turai ya rubuta littattafan ƙagaggen labari guda biyu, Noli Me Tangere a 1887 da El Filibusterismo a 1891, waɗanda suka tona yadda ake zaluntar mutanensa. Da ya koma gida aka kore shi zuwa wani ƙaramin gari mai suna Dapitan, ya yi shekara huɗu yana duba marasa lafiya, yana koyar da yara, har ya haɗa wa garin hanyar ruwa. Ranar 30 ga Disamba 1896 aka harbe shi a Manila. Shekararsa 35. Da ta faɗi haka sai da na ajiye cokalin da ke hannuna, domin kusan shekaruna ke nan yau, ni kuwa ban gama biyan adashi ba.

Amma abin da ya fi kama hankalina ba labarin Rizal ba ne. Shekara da shekaru ina jin ma'aikatanmu da suka yi aiki a Saudiyya suna cewa duk asibitin da ka shiga sai ka tarar da nas 'yar Filifin, haka a Ingila, haka a Amurka. Ban taɓa tambayar dalili ba. A darasin tarihi Auta ta samo mini amsar. Sifaniya ta mulki tsibiran fiye da shekara 300, sannan a 1898 ta miƙa su ga Amurka a kan dala miliyan 20. Amurkawa suka kafa makarantun jinya tun farkon ƙarni na 20, da Turanci, da irin manhajarsu, da irin fararen kayansu. Don haka nas ɗin da aka horar a Manila ta riga ta dace da asibitin Amurka tun kafin ta taka jirgi. Bayan yaƙin duniya na biyu aka buɗe musu hanyar zuwa, dokar shige da fice ta Amurka ta 1965 ta ƙara faɗaɗa ƙofar, sannan a shekarun 1970 gwamnatin Ferdinand Marcos ta mayar da tura ma'aikata waje wata hanyar samun kuɗin shiga ga ƙasa. Makarantun jinya suka yi ta tsirowa. Wannan yawan makarantun, da Turancin da ake koyarwa da shi, su ne suka ja ƙanwata daga Kano zuwa can. Tarihin da Baba ya kira na kakannin wasu, shi ne ya shimfiɗa hanyar da kuɗin filinsa suka bi.

Ta kuma gano abin da ya sa wasu ke kallon hijabinta da wani irin ido a kasuwa, wasu kuma su yi mata sallama da fara'a. Musulunci ya riga Sifaniyawa isa tsibiran. Akwai sarautar Musulunci a Sulu da Mindanao, Manila kanta sarki Musulmi ne ke riƙe da ita lokacin da Sifaniyawa suka zo cin ta. Su ne suka laƙaba wa Musulmin sunan Moro, sunan da suke kiran Musulmin da suka yaƙa a can ƙasarsu, aka yi ƙarnoni ana gwabzawa. Ko a 2017 an yi wata biyar ana ɓarin wuta a birnin Marawi, sai a 2019 aka kafa yankin Bangsamoro mai cin gashin kansa. Yarinyar da za ta tsaya a gefen gadon tsohuwar da ta rasa ɗa a irin wannan rikici, ko ta wane ɓangare ne, gara ta san da wannan kafin ta buɗe baki.

A nan ne maganar ta taɓa aikina. Akwai ranar da take ba ni labarin wani aji da suka yi a kan allurar rigakafin zazzaɓin dengi. A 2016 aka fara yi wa 'yan makaranta allurar, yara sama da 800,000 suka karɓa. A ƙarshen 2017 kamfanin da ya yi ta ya sanar cewa tana iya ƙara haɗari ga wanda bai taɓa kamuwa da cutar ba, gwamnati ta dakatar da shirin. Tsoro ya shiga iyaye, suka fara gudun kowace irin allura. A 2019 ƙyanda ta ɓarke ta kashe ɗaruruwan mutane, akasari yara, kuma a watan Satumba na wannan shekarar aka sanar da dawowar shan inna bayan shekara 19 da cewa an rabu da ita.

Tana magana, ni kuwa Kano nake gani. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin magunguna na Amurka ya yi gwajin sabon magani da yara kusan 200 a cikin garin nan, aka daɗe ana shari'a kafin a yi sulhu a 2009. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar, ba a ci gaba ba sai a tsakiyar 2004, cutar kuwa ta tsallaka ƙasashe da dama. Sai a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ita. Lokacin da na fara aiki, idan uwa ta ɓoye ɗanta a bayan zani ta ce ba za a ɗiga masa komai ba, jahilci nake kiransa a raina, wani lokacin ma har a fuskata. Wata tsohuwar nas da na yi aiki a ƙarƙashinta ce ta zaunar da ni ta ba ni labarin 1996 daga bakin wadda ta gani. Daga ranar na daina faɗa da iyaye, na koma tambayarsu me suka ji, wa ya gaya musu, me suke tsoro. Na fi samun hannun yara a haka. A makarantar jinya an koya mana ilimin zamantakewa, ba zan ce ba a yi ba, amma ma'anoni muka haddace, ba wanda ya haɗa mana shi da matar da ke tsaye a bakin layi. Auta ta samu nata a aji, da hujja da kwanan wata, tun kafin ta taɓa majinyaci.

Ba wai ina cewa duk irin waɗannan darussa zinariya ba ne. Kowace ƙasa tana ba da labarinta ne yadda zai yi mata kyau, tana ɗaga gwarzonta, tana tsallake inda ta ji kunya. Akwai kuma malamin da karanto takarda kawai zai yi ya fita. Ita kanta ta ce akwai makon da ta yi ta hamma a kan jerin 'yan matan da Rizal ya so. Amma ko ba komai, makin darasin yana shiga lissafin digiri daidai da na kowane darasi, kuma ba a ba da takardar kammalawa sai da shi. Iyayen da ke shirin tura yaro su nemi cikakken jerin darussan shekara huɗun tun kafin a biya ko sisi, su tambayi yadda ake lissafin maki a ƙasar, da iyakar fashin da aka yarda da shi. Da mun yi haka, da an yi bikin nan da Auta.

Kusan ƙarshen zangon, malamin ya ba baƙin ɗalibai aiki: kowa ya zo ya yi wa aji bayanin wani ɗan ƙasarsu da ya yaƙi zalunci da alƙalami. Ta ce mini nan ne gumi ya karyo mata. Za ta iya lissafo garuruwan da Rizal ya zauna a Turai, amma na gida ba ta da abin faɗa da ya wuce suna biyu ko uku. Ba laifinta ba ne ita kaɗai, tana cikin yaran da suka yi firamare da ƙaramar sakandare a shekarun da aka cire tarihi daga manhaja a matsayin darasi mai zaman kansa. Ni ma da ta tambaye ni, kame-kame na yi. Na ce ta kira Baba.

Ina gidan ranar. Baba yana kishingiɗe a kan darduma bayan la'asar, aka miƙa masa waya. Ya ce, "Auta, ɗauko biro." Ya fara mata da Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, ya ce shi ma ma'aikacin lafiya ne, ya koyar a makarantar harhaɗa magunguna a Zariya, da waƙa ya riƙa faɗa wa Turawa da sarakuna gaskiya har ya rasu a 1958. Daga nan ya gangaro kan Malam Aminu Kano da kafa NEPU a 1950, da irin ɗauri da dukan da magoya bayanta suka sha, har da wani kawunsa da mu 'ya'yansa ba mu taɓa jin an ambata ba. Umma ta leƙo daga kicin ta ce kada a manta da Nana Asma'u da 'yan taru, tunda dai mace ce za ta yi bayanin. Suka yi fiye da awa guda, data ta ƙare, ya aiki yaro ya sayo kati aka ɗora.

Sakamakon da ya fito 1.5 ne. Da ta turo, Baba bai ce komai a zauren ba, sai ya kira ni gefe ya tambaya a hankali, "Wannan karon ƙaramin ne mai kyau, ko?"