Injin jirgin da ke ɗauke wuta a tsakiyar ruwa

Manoman rani a Lajawa da kewayen Wudil sun san halin injin ban-ruwan da zai tashi lafiya da safe, rana na yin zafi ya mutu, a bar shi ya huce ya sake tashi. A fadama, abin da ake asara jinkirin shayar da tumatir ne. Idan injin jirgi ya yi haka a kan ruwa kuwa, rai ake sakawa a haɗari.

A Kogin Wudil mai gangarawa Haɗeja, filafili da gora sun fi yawa a hannun masunta da masu fito. Injin da ake rataya wa jirgi a baya an fi ganinsa a manyan ruwaye, irin su madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da Yawuri da Baga. Galibi tsofaffin Yamaha ne masu ƙarfin doki 15 ko 40, waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai. Yadda suke samar da wuta bai bambanta sosai da na babur ko injin ban-ruwa ba.

A saman injin akwai faifan ƙarfe mai maganaɗisu. Idan aka ja igiya, sai ya juya ya gifta naɗin wayar tagulla, lantarki ya samu. Wani ƙaramin baƙin akwati, CDI, shi ke tara wutar ya sake ta a kan kari, kwayil ya ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta yi tsalle a bakin fulogi ta kunna mai. Ko'ina a wannan hanya aka sami rauni, inji zai riƙa shaƙewa.

Abin da ke ruɗa bakanike shi ne, ana kawo masa injin bayan ya huce. Ya cire fulogi, ya jingina a jikin inji, ya ja igiya, ya ga tartsatsi, ya ce wuta lafiya lau, laifin kafireto ne. Gwajin nan yana yaudara. Tsallake ratar da ba ta kai milimita 1 ba a sarari abu ne mai sauƙi, amma cikin silinda, inda iska ke matse, raunanniyar wuta ba ta iyawa. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce mai ƙara, tana tsallake milimita 6 ko fiye. Sannan tsohon kwayil yakan sami tsaga siririya a naɗinsa. Da sanyi bakin tsagar na haɗe, da zafi ƙarfe ya buɗe, wuta ta yanke. Don haka lokacin gwaji shi ne nan take da injin ya mutu, tun yana da zafi.

A ganina kuskure ne a fara da sayen CDI, wanda ya fi komai tsada. A fara da makashin inji: danshi da tsatsa kan sa ya riƙa zubar da wuta a jikin ƙarfe, kuma cire wayarsa don gwaji ya isa ya tona asirinsa. Sai wayoyin da aka ɗaure a gangar inji, waɗanda jijjiga ke sassautawa, da hular fulogi, da wayar da ta goge a ƙarƙashin faifan. Da dare, ana iya ganin wuta na tsartuwa daga wayar da ta tsage. Fulogin da ya yi baƙi ya jiƙe sau da yawa shaida yake bayarwa, ko dai mai ya yi yawa a gauraye, ko wuta ba ta isa. Sauya shi kullum jifan gafiyar Ɓaidu ne.

A ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgi ya kife a ruwan Watari tsakanin Badau da Bagwai, aka rasa rayuka aƙalla 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Lodi fiye da ƙima aka ɗora wa alhakin. Na kawo shi ne saboda jirgin da aka cika maƙil, da injinsa ake sarrafa shi. Da zarar farfela ta tsaya, sai ya juya gefensa ga igiyar ruwa, ruwa ya fara shiga.

Injin da ya taɓa ɗauke wuta sau ɗaya bai kamata ya ɗauki fasinja ba sai an gano dalili, an kuma bar shi yana aiki a bakin gaɓa har ya yi zafi sosai. Filafili da rigunan kariya su kasance a cikin jirgi kafin a kwance igiya.