Abin da Duwatsun Adon Ile-Ife Suka Faɗa wa Masana

Idan masu tonon kayan tarihi suka ci karo da ɗan dutsen ado na gilashi a ƙarƙashin ƙasa, tambayar farko ita ce: a ina aka yi shi? Siffa da launi ba sa ba da amsa, domin shuɗin dutsen Masar da na Indiya suna iya kama da juna ƙwarai. Amsar tana cikin sinadaran da aka narka.

Tushen gilashi yashi ne, wato silika. Amma yashi zalla ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, abin da wutar mutanen dā ba ta iya kaiwa. Saboda haka sukan haɗa shi da wani abu mai sauƙaƙa narki. Rumawa sun dogara da kanwar da ake haƙowa a Wadi Natrun ta ƙasar Masar, 'yar'uwar wannan kanwa da ake jefawa cikin tukunyar wake. Da ita haɗin yakan narke a wajen digiri 1,100. Daga ƙarni na 9 kuwa, maƙeran Gabas ta Tsakiya suka koma ga tokar tsirran da ke fitowa a ƙasa mai gishiri. Kowane haɗi yana barin shaidarsa: gilashin kanwa yana da ƙarancin magnesiya da fotash, na toka kuwa yana da su da yawa. A yau ana haska ɗan tsinin hasken leza a kan dutsen, a cire ƙurar da ido ba ya gani, na'ura ta ƙidaya sinadaranta.

Wannan awo ne ya warware wata tsohuwar gardama a Nijeriya. A 1910 Bajamushen nan Leo Frobenius ya ga tukwanen narki masu dasƙararren gilashi a kurmin Olokun da ke Ile-Ife. Shekaru da dama bayan haka, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne cewa mutanen Ife gilashin waje suke saye su sake narkawa. Ba mamaki, domin a lokacin ba a cika zaton baƙar fata zai iya irin wannan fasaha ba. Frobenius kansa ya danganta gumakan tagulla na Ife ga wata ɓatacciyar al'umma ta tatsuniya.

A 2006 James Lankton da Akin Ige da Thilo Rehren suka nuna cewa gilashin Ife ya fita daban. Alumina da sinadarin farar ƙasa sun yi yawa a cikinsa, kowanne yakan wuce kashi 10 cikin 100, ga kuma ƙarancin soda. Ba a san wannan haɗi a Masar ko Turai ko Indiya ba. Daga baya Abidemi Babalola ya yi tono a wurin, ya fito da duwatsun ado kusan 13,000 da gutsattsarin tukwanen narki fiye da 800, na tsakanin ƙarni na 11 zuwa na 15. Yawan aluminan ya dace da irin yashin da ke zagwanyewa daga duwatsun yankin, farar ƙasar kuwa masana na kyautata zaton daga bawon katantanwa aka samo ta. Shuɗin launin da aka fi so, sinadarin kobal ne ya ba da shi. Ashe tun daga yashi Yarbawan Ife suka haɗa gilashinsu, ba da kanwa ba, ba da toka ba.

Da yake haɗin nasu ne su kaɗai, ana iya bin sawun fataucinsa. An sami duwatsu masu wannan shaida a Igbo-Ukwu, an kuma same su can Essuk, tsohon zangon ayari a arewacin Mali, inda suke kwance tare da waɗanda raƙuma suka ƙetaro Sahara da su.