Ka Sauya Wa Babur Ɗinka Inji? Kamfanin Inshora Na Da Haƙƙin Ya Sani

Duk ɗalibin da ke zaune a Rido ko Maraban Rido ya san abin da zuwa lakca ke ci. Kafin ka bi titin Kachia, ka ratsa Sabon Tasha, ka isa Barnawa ko ka tsallaka gada zuwa Tudun Wada, kuɗin mota ya cinye na abincin rana. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da yawa daga cikinmu sun koma kan babur: wani Bajaj Boxer, wani Jincheng, wata kuma roba-roba. Kuma mu ƴan poli ne, hannunmu ba ya zama. Ga Panteka a maƙwabta, yau an sauya salansa, gobe an yi wa kariya walda, jibi an ɗora wani injin. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne, kowane irin wannan gyara yana taɓa takardar inshorar da ke aljihunmu.

Bari mu fara daga tushe. Tun dokar 1945, wajibi ne duk abin hawa mai inji da ke bin titi a Najeriya ya kasance da inshorar da ke kare wanda ka yi wa ɓarna, wato wadda ake kira "tad fati". Ba babur ɗinka take gyarawa ba. Idan ka buge mutum ko ka fasa wa wani fitilar mota, ita ce ke biya a madadinka. A farashin da hukumar NAICOM ta sanya daga 1 ga Janairu, 2023, na babur naira 3,000 ne a shekara, kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiya har ta naira miliyan 1. Keke Napep naira 5,000 ne, motar gida kuma 15,000. Daga 1 ga Fabrairu, 2025, ƴan sanda suka fara matsa lamba kan wannan takarda a faɗin ƙasa. Akwai kuma cikakkiyar inshora, wadda ke biyan ka idan an sace babur ɗin, ko ya ƙone, ko ya lalace a hatsari. Ita ta fi tsada, domin da darajar babur ɗin ake lissafa ta.

To ina ruwan kamfani da gyaran da na yi da kuɗina? Amsar ita ce, inshora ciniki ne da aka gina kan amana. Kamfani bai ga babur ɗinka ba, sau da yawa ma ta waya ka saya. Abin da ka faɗa masa da shi ya auna haɗarin da zai ɗauka, ya yanka farashi. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce. Tun a 1766 alƙali Lord Mansfield na Ingila ya kafa ta a shari'ar Carter da Boehm, kuma daga can dokarmu ta gaje ta. Dokar Inshora ta 2003 ta ɗora wa kamfani nauyin ya tambayi abin da yake ganin yana da muhimmanci a cikin fom, kuma a shekarar 2025 aka sa hannu kan sabuwar doka da ta maye gurbinta. Amma a ko'ina abu ɗaya bai sauya ba: abin da aka tambaye ka, ka ba da amsar gaskiya.

Ga gyare-gyaren da suka fi jawo matsala.

Na farko, sauya inji. Takardarka na ɗauke da lambar rajista, lambar shasi da bayanin inji. Idan ka cire injin 100cc ka ɗora na 150cc, babur ɗin ya ƙara gudu, birkinsa kuwa na da ne. Ko da injin mai ƙarfi ɗaya ka sa, lambarsa ta bambanta. Ranar da jami'in kamfani ya zo duba babur bayan hatsari ya ga lamba ba ta yi daidai ba, nan doguwar magana ke farawa.

Na biyu, ƙara tsawon kariya ko kujera. Wanda ya yi haka don ɗaukar buhunan fiya wata ko jarkoki ya sauya yadda nauyi ke zama a kan babur, ya kuma nuna cewa aikin babur ɗin ya wuce zuwa makaranta.

Na uku, mayar da babur ya yi amfani da gas maimakon fetur. Wannan ya taɓa hanyar mai gaba ɗaya, kuma ya shafi haɗarin gobara kai tsaye.

Na huɗu ba a jikin ƙarfe yake ba, amma ya fi kama ɗalibai: sauya aikin babur. Ka yi inshora a matsayin na hawan kanka, sai ka fara kai saƙon kaya ana biyan ka, ko ɗan acaba da yamma. A idon kamfani wannan haya ce, kuma ba ita ka saya ba. Ban da haka, gwamnatin jihar Kaduna ta sha hana acaba a cikin birni, ka ga laifi ya zama biyu.

Sitika ko sabuwar rigar kujera ba su ne abin damuwa ba. Amma idan ka sauya fenti gaba ɗaya, ka gyara bayanin launi a takardunka.

Me zai faru idan ka yi shiru? A cikakkiyar inshora, kamfani na iya ƙin biya, ko ya soke yarjejeniyar. Haka kuma kayan da ka ƙara, kamar fitilu masu tsada ko na'urar bin sawu, ba za a biya ka su ba idan ba a rubuta su ba. A "tad fati" kuwa, gardama na iya sa mai motar da ka goga ya dawo kanka. Ka tuna titin Rido hanyar tankoki ce da motocin ma'aikatan matatar mai. Fitilar gaba ɗaya ta babbar mota na iya fin kuɗin makarantarka na shekara.

Abin yi ba shi da wahala. Kafin bakanike ya kwance inji, ka kira kamfaninka ka tambaya. Bayan gyara, ka sanar da su a rubuce, ko ta imel ko ta WhatsApp na ofis, ka haɗa da hoton lambar inji da rasit. Ka nemi su ba ka takardar da ke nuna sun shigar da sauyin. Wani lokaci za a ƙara ɗan kuɗi, wani lokaci ba a ƙara komai. Idan inji ka sauya, ka je ofishin lasin a gyara takardun babur ɗin su ma.

Sannan ka tabbatar inshorar taka ta gaske ce, don ana sayar da na bogi a bakin ofisoshin lasin. Ka danna *565*11# ka sa lambar babur ɗinka, rumbun bayanan NIID na ƙungiyar kamfanonin inshora zai nuna maka ko tana nan. Ga wanda ke da ƙyanƙyami ta fuskar addini, akwai takaful, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Sai dai su ma sharaɗin ɗaya ne, domin asusun na mahalarta ne baki ɗaya, ɓoye gaskiya cin haƙƙin ƴan uwa ne.

Ɗan uwa, naira 3,000 ba ta kai kuɗin man mako guda ba. Idan ka riga ka biya, kada saƙo ɗaya da ba ka tura ba ya mayar da takardar ta zama ta ƙunshe ƙosai.