Rabuwar Aure a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi: Shari'a da Al'ada

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda akasarin jama'a manoman dawa da masara da auduga ne, fikihun Malikiyya ne ke hukunta rabuwar auren Musulmi, kamar yadda ya zo cikin Risala da Muhtasar Halil da Tuhfatul Hukkami. Kotunan alƙalai suna hannun En'e har zuwa 1968, sa'an nan gwamnati ta karɓe su. A shekarar 2000 kuma Jihar Katsina ta kafa kotunan shari'a. Wanda hukunci bai gamsar da shi ba yana da ikon kai ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ikon duba al'amuran aure da riƙon yara. Auren rajista kuwa, Babbar Kotu kaɗai ke warware shi, bisa dokar 1970.

Hanyoyin rabuwa uku ne. Ta fari saki, wanda ke hannun miji. In ɗaya ne ko biyu yana da ikon kome muddin idda ba ta cika ba, in kuwa uku ne sai ta auri wani, ya rabu da ita. Ta biyu hul'i, watau mace ta fanshi kanta da dukiya, galibi da mayar da sadaki, kuma babu kome cikinsa sai da sabon ɗaurin aure. Ta uku ita ce alƙali ya raba auren da kansa, saboda cutarwa, ko rashin ciyarwa, ko ɓatan miji. Matar wanda ya tafi cin rani aka daina jin ɗuriyarsa ana yanka mata shekara 4 in ya bar abin ciyar da ita, amma in bai bari ba, alƙali na iya raba su bayan ɗan jinkiri.

Bambancin hanya ta biyu da ta uku babba ne ga gidan talaka, domin kuɗin fansa kan faɗa wa iyayen mace, wani lokaci sai an taɓa rumbu. Alhali in ta tabbatar da cutarwa, ko da ta shaidar abin da maƙwabta suka sha ji, ba ta biyan ko anini, in ma ta riga ta biya ana mayar mata.

Akwai kuma wurare uku inda al'ada ta saba rage wa mace abin da shari'a ta ba ta. Na ɗaya idda: tsarki uku ce, ko wata uku ga wadda ba ta jini, ko haihuwa ga mai ciki. A ɗakinta ya kamata ta yi ta, ci da sha bisa wuyan miji in sakin na kome ne, amma yawanci ranar da aka miƙa mata takarda ranar take kama hanyar gidansu. Na biyu dukiya: sadaki da kayan ɗaki da awakinta da gonar da ta gada duk nata ne, aure bai haɗa su da na miji ba.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne riƙon 'ya'ya. Al'ada kan miƙa yaro ga uba da zarar an yaye shi. A wurin Malikawa kuwa uwa ce ta fi cancanta, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma tana kan uba. In uwar ta auri bare, riƙon ya koma ga mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba.

Abin da kan hana mata neman waɗannan haƙƙoƙi shi ne rashin sani, da kunyar tsayawa gaban alƙali da uban 'ya'yansu. Alƙali kuwa ba ya hukunci sai a kan ƙarar da aka kawo masa.